Ƙaho Huɗu a Ƙeyar Lawali

Direban da ya ɗauko mu daga Arlit ya taka birki a tsakiyar rairayi da hantsi, ya nuna wani tudu da leɓe, ya ce, "Ku haura can, gari na bayansa. Ni nan ce iyakata." Muka diro, har da yi masa godiya, ka ji wauta! Muka haura tudun, sai wani tudun. Muka haura wancan, sai ƙanensa. Ba mu ga katangar Ingizam ba, garin farko na ƙasar Aljeriya, sai da rana ta yi ja.

Ni ne Nomau, wanzami ɗan wanzami, daga Gidan Sori. Abokin tafiyata Lawali ne, taubashina, ɗan ƙanwar babana, magini, ya girme ni da shekara shida. Tsakanina da shi babu kunya babu ragowa, tun muna yara haka muke. A kan tudu na uku, harshe ya bushe, kowa na jefar da kaya, Lawali ya dubi zabirar da na rataya ya ce, "Kai Nomau, yar da jakar ƙahonin nan mana. Ko an ce maka Larabawa ba su da aska?"

Na ce, "Ka fara yar da tumbinka, shi ya fi nauyi."

Da bakin nan nasa ya ja mu har muka fita. Wallahi ba don zagin Lawali ba, da akwai waɗanda za su zauna a rairayin nan ba su tashi ba.

A bakin gari wata tsohuwar Buzuwa ta tare mu da kwanon ruwa. Ba ta jin Hausa, ba mu jin nata. Ta hana mu kwankwaɗa, sai kurɓi ɗaya ta janye kwanon, ta ba na gaba, ta zagayo. Na ji haushinta a lokacin, daga baya na gane ceton cikinmu ta yi. Ta ƙulla mana dabino a gefen rawani, ta koma bukkarta ba ta ko waiwayo ba.

Wata huɗu muka yi a Tamanrasat. Ni kam ban wahala ba, don wanzami ba ya rasa kai. Na sami gindin wata katanga na shimfiɗa buhu, 'yan ƙasarmu suka yi ta zuwa aski, mai ciwon baya in kafa masa ƙaho ya tashi yana sa mini albarka. Lawali ne ya ga ta kansa. Mutumin da ya gina rabin shagunan kasuwar Cadakori, sai ga shi yana kwaɓa wa wasu siminti, yana kallon bango na tafiya a karkace ba shi da bakin magana. In ya dawo sai ya zauna ya ce, "Yau ma na ga an yi wa bulo wulaƙanci." Abin da ya fi damuna ni shi ne abinci. Burodi da safe, burodi da rana. Na yi kewar furar gero mai yaji har na fara jin ƙamshinta a cikin salla.

A Gardaya wani ɗan ƙasarmu mai ƙamshin turare ya sayar mana da takarda mai tambari, ya rantse da ita za mu wuce kowane shinge. Jandarman farko da ya karanta ta dariya ya yi har da riƙe ciki, ya kira abokinsa ya nuna masa. Ashe takardar rigakafin awaki ce. Dariyar ce ta cece mu, ya kore mu da hannu. Tun daga ranar Lawali ya koma kirana Bunsuru.

Muka dangana da Oran, bakin teku. Masaukinmu wani bene ne da ba a gama ginawa ba, mu goma sha ɗaya a ɗaki guda. Babba a ɗakin shi ne Malam Isuhu, mutumin Cadawa, ya shekara tara a ƙasar, shi ke faɗin inda za a bi da inda ba za a bi ba. Dokarsa ɗaya ce: marar takarda ba ya kusantar duk inda ake rubuta suna. An sha kwashe mutane a zuba su a mota a mayar da su bakin iyaka, don haka ba mu ga laifinsa ba.

A nan Lawali ya sami abin da yake so. Wani patiro, wato mai ba da aikin gini, ya ga yadda yake ɗora bulo, ya miƙa masa cokalin gini ya ce ya ja layi. Cikin wata biyu shi ke gaban magina. Amma ciwon kai ya sa shi gaba. Tun a gida an taɓa auna shi a Gidan Runji aka ce yana da tansiyo, wato hawan jini, aka ba shi ƙwayoyi, suka ƙare a hanya bai sake nema ba. In kan ya matsa masa sai ya ce, "Bunsuru, zo ka rage mini jinin nan." In kafa masa ƙaho a ƙeya, ya ce ya ji sakayau. Ni ma in ji daɗi, in ce ai gado ba ƙarya ba ne.

Ranar wata Juma'a, ba aiki, muna alwala a bakin famfo. Ladan ya ɗaga murya ke nan, kiran farko, sai butar Lawali ta suɓuce ta faɗi. Na ce, "Tsufa ya zo, ko buta ta fi ƙarfinka?" Bai rama ba. Wannan shi ya sa na waiwaya, don Lawali ba ya barin bashin magana. Na ga bakinsa ya zame gefe guda, hannun dama na lilo, yana ta ƙoƙarin cewa wani abu, sai gurnani ke fita. Ya tafi luu, na tare shi.

Muka shigar da shi ɗaki. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya fara tofa addu'a. Ni kuwa ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce jini ne ya hau kai, ku ba ni wuri. Na buɗe zabira, na aske ƙeyar, na kafa ƙaho huɗu, na tsotsa, na liƙe. Da fata ta taso na cire, na tsattsaga da aska, na mayar. Jini ya fito baƙi, guda-guda, na juye a gwangwani na nuna wa jama'a. Na ce, "Kun gani? Ga mugun nan." Kowa ya ce sannu da aiki. Na sake zagaye na biyu. Lawali na kwance rub da ciki, idonsa na hagu na kallona, hawaye na bin gefen hancinsa. Na ɗauka zafin aska ne.

Har mutane suka dawo daga masallaci, har aka ci abinci, babu abin da ya canja. Na ɗaga hannun daman na saki, ya faɗi kamar tsumma. A nan ne na gane abin ya fi ƙarfina. Shekara ashirin ina wannan sana'a, na san inda ƙaho ke ci, na kuma san in bai ci ba.

Na ce, "Malam Isuhu, lopital za mu kai shi, wurin likita."

Ya ce, "Ka san abin da kake faɗi? Can suna za su rubuta. Ka kai shi, gobe a zo a kwashe mu duka."

Na ce, "To in ya mutu nan fa? Gawa ba a rubuta sunanta?"

Mutumin kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Da ya ga ba zan lanƙwasu ba, sai ya ɗauko rawaninsa ya naɗe wa Lawali kai da wuya da hannunsa, ya ja ni gefe. "In an tambaye ka, ka ce yanzu-yanzu ya faɗi. In ka ce tun azahar, cewa za su yi kun makara, su bar shi a baranda. Kuma kada ka bari a kwance rawanin wanga. Suka ga tsaga, kai za su kama, su ce ka yanka mutum."

Akwai wani Balarabe mai gidan burodi a ƙasan benenmu, wanda kullum yake yi mana tsawa kan zubar da ruwa. Shi na ruga wa. Ya leƙo ya ga fuskar Lawali, ya watsar da farantan burodi daga bayan motarsa, ya ce mu sa shi. Yadda ya yi tuƙin nan, na yi kalmar shahada ta fi sau goma. Muna shiga ƙofar asibiti ana kiran la'asar.

Likitar mace ce, 'yar gajeriya, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ce wa Lawali ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, ya faɗi sunansa. Ko ɗaya bai iya ba. Ta juyo kaina da Faransanci. Na yi lakol, makarantar boko, aji biyar kafin babana ya cire ni ya ba ni aska, don haka ina tsintar abin da ake faɗi.

"Ƙarfe nawa abin ya fara?"

Na ce, "Yanzu-yanzu."

"Ya faɗi ya bugi kai? An yi masa aiki kwanan nan? Akwai rauni a jikinsa? Yana shan maganin tsinka jini?"

Na ce babu, babu, babu.

Ta sa aka tura shi ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. Ban san abin da ta gani a fuskata ba. Ta rage murya, ta yi mini magana dalla-dalla yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ce a ganinta gudan jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a cikin kansa, duk abin da ke bayan toshiyar yana mutuwa kaɗan-kaɗan. In hoto ya nuna ba fashewa jijiyar ta yi ba, tana da maganin da za ta sa masa ta jijiyar hannu ya je ya narkar da gudan. Amma maganin yana da ƙa'ida: awa huɗu da rabi daga lokacin da abin ya fara. In an wuce, jijiyoyin wurin sun yi laushi, maganin na iya ɓalle jini a cikin kai ya kashe shi. Ta ce kuma maganin ba ya zaɓe, duk jinin jikinsa zai ƙi daskarewa na wani lokaci, duk inda ƙofa take a buɗe zai fita.

"Don haka ina sake tambayarka. Ba ni da wani agogo sai kai."

Jama'a, da wani ta gaya wa wannan magana, wataƙila ta wuce ta bayan kunnensa. Amma ni jini ne sana'ata. Na san abin da ake nufi da jinin da ya ƙi tsayawa, na taɓa ganinsa sau ɗaya a hannun babana, ban kuma so in sake gani ba. Ga shi na buɗe ƙofa ta fi arba'in a ƙeyar ɗan'uwana, na rufe da rawani, na ce babu. Na tuna kurkuku, na tuna motar da ke zubar da mutane a rairayi. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma tsoron bai kai na in koma Gidan Sori in dubi gwaggona in ce ƙaryata ce ta kashe mata ɗa ba.

Na ce, "Madam, na yi ƙarya. Tun kiran farko na Juma'a ne. Buta na hannunsa, a gabana ta faɗi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta zaro salula ta duba lokacin sallar ranar, ta dubi agogon bango, ta ƙirga da yatsu. "Kafin kiran, lafiyarsa lau? Ka tabbata?"

"Yana zagina ma."

"To saura mana ƙasa da awa guda. Sai me kuma?"

Daidai nan aka turo shi daga ɗakin hoto. Na je da kaina na warware rawanin. Ma'aikaciyar jinyar da ke tura gadon ta ja numfashi. Likita ta sunkuya, ta sa safar hannu, ta bi tsagar ɗaya bayan ɗaya.

"Hijama?" Haka suke kiran ƙaho.

Na ce, "Ni na yi. Sana'ata ce."

"Zurfinsu?"

Duk da halin da nake ciki sai da raina ya ɗan sosu. Na ce, "Fata kawai. Askata ba ta taɓa wuce fata ba."

Ta danna wurin, ta gyaɗa kai. "Gaskiya ne, hannunka na da kyau. Babana ma ana yi masa. Amma abin da kake nema yana can cikin ƙoƙon kai, ƙaho ba ya kai wa nan. Awa biyun da ka ci a kansa su ne ba zan iya dawo da su ba."

Maganar ta shige ni.

Hoto ya nuna babu jini a kwance. Amma tansiyonsa ya yi sama ƙwarai, ta ce sai an sauko da shi kafin a sa maganin. Aka yi masa allura, aka auna, bai isa ba. Aka ƙara, aka auna. Ni dai idona na kan agogon bango, ban taɓa ganin tsinken agogo na gudu haka ba. A tsakiyar wannan ta miƙo mini takarda. Ta ce ko an yi komai daidai, akwai waɗanda maganin ke ɓalle wa jini a kai, ba ta da tabbacin Lawali ba ya cikinsu. In ba a sa ba, zai fi yiwuwa ya rayu, amma da wuya hannun da bakin su dawo. Shi ba ya iya magana, ni ne danginsa.

Na dubi hannun nan da ya ci da gida mai mutum goma sha uku. Na sunkuya na ce, "Lawali, in sa hannu?" Ya lumshe ido ya buɗe. Na rubuta sunana cikakke, da na ubana, da na garinmu. Dokar Malam Isuhu ta karye a nan.

Da tansiyon ya sauka, aka fara tura maganin kaɗan da sirinji, sauran aka rataya yana ɗiga, aka ce awa guda zai ɗauka. Ba a jima ba audugar da aka sa masa a ƙeya ta jiƙe da jini. Aka canja, ta sake jiƙewa. Ma'aikaciyar jinyar na da wasu majinyata, ta dube ni ta ce, "Kai ka buɗe, zo ka rufe." Ta sa na wanke hannu, ta ba ni safa, ta nuna mini yadda zan danne. Na tsaya a kansa na tallafe ƙeyar da tafuna biyu. Jinin da na saba gani yana dunƙulewa a cikin ƙaho kafin in juye, yau ga shi yana tsiyaya kamar zoɓo. Kowane ɗan lokaci likita ta zo ta haska idonsa, ta tambaye shi ko kai na sara masa, ta auna shi ta tafi. Hannuwana suka yi tsami, suka mutu, ban ɗaga ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Ana gab da magariba na ga babban yatsan ƙafarsa ta dama ya motsa. Na yi ihu har aka leƙo daga wasu ɗakuna. Likita ta zo ta ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga shi kamar taƙi guda daga katifa, ya riƙe, ya riƙe, sannan ya sauke. Ta ce, "Sunanka?" Ya yi ta kokawa da harshe, can ya ce, "La... wali." Ta buga tafi sau ɗaya ta juya ta fita abinta. Ni kuwa na zauna a ƙasa na yi kuka, ƙato da ni.

Washegari aka sake hoto, babu jini a kai. Tsagar ma ta kame. Kwana tara muka yi, ba wanda ya tambaye mu takarda, ba jandarman da ya zo. Mai gidan burodi na aiko mana da miya a kwano. Malam Isuhu bai iya shigowa ba, amma kullum yana tsaye a tsallaken titi da ledar lemu yana jiran in fito. A kwanakin nan na zama ɗan gari a ɗakin. Ma'aikaciyar jinyar ta gaya mini irin wannan magani suke sa wa wanda gudan jini ya toshe wa jijiyar zuciya, in ba a sami yi masa aiki da wuri ba, da wanda gudan ya tafi ya tsaya masa a huhu numfashi ya gagara. Ta ce duk tafiyarsu ɗaya, gaggawa da faɗin gaskiya. Na ce ai ni an koya mini da bulala.

Ranar da za a sallame mu, ƙafa ta dawo, baki ya koma daidai sai ɗan nauyin harshe. Na zauna a bakin gadon, na daɗe ina juya maganar da na kwana tara ina ɗauke da ita. Na ce, "Lawali, akwai abin da ba ka sani ba. Ranar nan, ni na ɓata maka lokaci."

Ya ce, a hankali, yana jan kalmomin, "Wa ya ce maka ban sani ba? Bakina ne ya mutu, kunnena na nan. Ina jin ka kana nuna wa mutane gwangwani. Ina ta yi maka ihu a cikina, Bunsuru bar ƙahon nan, kai ni likita. Ba ka ji ba."

Na sunkuyar da kai.

Ya ci gaba, "Na ji abin da Isuhu ya ce ka faɗi. Na ji ka faɗe shi. Na kuma ji hannunka lokacin da kake kwance rawanin." Ya ɗan huta. "Miƙo hannu."

Na miƙa. Ya kama da hannun dama ya matse. Babban yatsa da manuni da na tsakiya suka riƙe ni gam, har na ji zafi. Na kusa da ƙarami da ƙaramin suna lanƙwashe a tafinsa, ba su ko motsa ba.

Ya ce, "Ukun nan na likita ne. Biyun nan naka ne."

Ya yi dariya da ya faɗa, ni ban iya ba.

Mun ƙara shekara guda a Oran kafin mu dawo gida da ƙafarmu. Lawali ya koyi riƙe cokalin gini da yatsu uku, ƙwayar tansiyo kuwa ko a gona tana aljihunsa. Masallacin unguwarmu na yanzu shi ya ja layinsa, je ka duba ko za ka sami inda ya karkace. Ni ma ina nan da zabirata, ina aski, ina kafa ƙaho ga mai ciwon baya, ba na jin kunyar gadona. Amma duk wanda aka kira ni na tarar bakinsa ya zame ko hannu ya saki, ba na ko buɗe jaka. Lokaci nake tambaya, in sa a nemo mota.

Kullum da safe Lawali na biyowa ta ƙofar gidana in zai tafi aiki. Ba ya wucewa sai ya miƙo hannu mun gaisa, kuma kullum yatsu uku nake ji.